Sandar Ɗinkin da Ban Karya Ba: Tunawa da Dakta Balkisu

Ranar Litinin ce, ƙarfe takwas da kwata na safe. Ina ɗakin wanke kayan tiyata ina jera almakasai a tire, sai Sista Rabi ta turo ƙofa ba sallama. Ita ce babbar nas ta ɗakin tiyatarmu, kuma a shekara goma sha ɗaya da muka yi muna aiki tare ban taɓa ganin ta tako ɗakina da takalmin waje ba sai ranar. Ta ce in kashe tukunyar turara kaya, yau babu aiki. Na tambaye ta ko janareto ne ya sake tsayawa. Ta ce motar da ta ɗauko Dakta Balkisu, likitarmu ta tiyata, daga Gwandu ta yi karo da wata babbar mota a hanya, kuma kafin a iso da ita asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na kashe tukunyar. Na zaro littafina na aljihu na rubuta lokacin, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Mutum biyu ne ke kwance suna jiranta a ranar, an hana su ci da sha saboda aikin da za a yi musu. Sista Rabi ce ta yi ƙarfin halin zuwa ta gaya musu, ta sa aka kawo musu koko. An yi jana'iza a Gwandu bayan La'asar, a ƙofar gidan mahaifinta. Gaishe da mahaifiyarta ta je yi a ƙarshen mako, kamar yadda ta saba. Ta bar miji da 'ya'ya uku, ba ta cika shekara arba'in da biyar ba.

Sunana Sanusi, mutumin Kalgo ne ni. Ni ba likita ba ne, ba nas ba ne, sakandare na gama na tsaya. Aikina shi ne in wanke kayan tiyata, in turara su a tukunya har ƙwayoyin cuta su mutu, in naɗe su a ƙyalle in ajiye. Tun ina aji uku nake rubuta abin da ya faru da ni kowace rana, kuma daga waɗannan littattafan nake ɗebo abin da zan faɗa, domin ban cika yarda da ƙwaƙwalwata ba. Akwai waɗanda suka fi ni cancantar rubuta ta'aziyyar Dakta. Na ɗauki biro ne saboda wata magana da ake yi da sunanta tun ba ta yi sati a kabari ba, kuma ni ne na fi kowa sanin cewa maganar ba haka take ba.

Shekara shida ke nan da zuwanta asibitinmu. A ranarta ta farko, bayan ta gaisa da manya, ta nemi a nuna mata inda ake wanke kaya. Likitoci ba sa shiga ɗakina, ta taga suke miƙo tire. Ita ta shigo, ta tambayi sunana, ta ce in wanke almakashi ɗaya tana kallo. Na wanke. Ta karɓa ta ɗaga shi wajen haske, ta buɗe mahaɗinsa ta duba, sannan ta ce wanda ya wanke almakashi shi ma da shi aka yi tiyatar, ko da sunansa bai hau takarda ba. Na rubuta wannan maganar a ranar, na ja mata layi biyu. Daga nan ba ta taɓa kirana da sunana tsura ba, kullum Malam Sanusi.

Ita ta kawo mana abin da muke kira aikin huda. A da, in za a cire wa mutum wani abu a ciki, sai an tsaga shi kusan taƙi guda, ya yi sati biyu a gado, ya yi watanni bai ɗaga abu mai nauyi ba. Ita kuwa huda uku ko huɗu take yi, kowace ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba. A hura cikin da iska ya tashi, a zura 'yar kyamara ta huda ɗaya, a zura dogayen ƙarafa ta sauran, tana kallon allo tana aiki. Kwana biyu ko uku mutum ya tafi gida da ƙafarsa. Ta sha faɗa cewa mutanenmu ba su da lokacin jinya, manomi da mai tallan nono in suka kwanta wata biyu gidan gaba ɗaya ne ya kwanta. Shekara biyu ta yi tana bin ofisoshi da takardu kafin kayan su iso, ta kuma ƙi yarda a sa su a ɗakin da rufinsa ke yoyo har sai da aka gyara.

Abin da ya fi wuya a aikin huda shi ne ɗinki. Ka ƙaddara an ba ka dogayen sanduna biyu, an ce ka ɗinke riga tana cikin tulu, kana leƙenta ta madubi. Saboda haka ta samo wata na'ura ta ɗinki. Tana da mariƙi, da doguwar sanda ta ƙarfe da ta ɗara kamu ɗaya, a ƙarshen sandar akwai ɗan baki mai muƙamuƙi biyu riƙe da 'yar allura. In aka matsa mariƙin, allurar ta huda nama ta koma ɗaya muƙamuƙin da kanta, tana jan zare. Ɗinkin da zai ci rabin awa sai ya ƙare cikin 'yan mintoci, kuma duk mintin da aka rage, jinin mutum aka rage zubarwa. Ma'aikata suka sa wa na'urar suna keken Dakta. Wani tsohon likita da bai taɓa son aikin ba yakan tare ta a baranda ya tambaye ta ko ta fara karɓar ɗinkin Sallah. Takan ce tana karɓa, amma sai mai kayan ya kwanta an yi masa allurar barci.

Ba na manta wani dattijo daga Dangoma, Baba Manu, da ta yi wa aikin ƙaba. Da ya farka ya ɗaga riga, ya ga filasta uku ƙanana, sai ya ce a kira masa likitar, an yaudare shi. Da ta zo ya nuna mata cikinsa ya ce, "Ɗiyata, ina aikin da anka yi? Wanga ai cizon sauro na." Ta nuna masa hoton abin da ta gyara a ciki, bai gamsu ba. Sai da ta ja kujera ta zauna sannan ya faɗi damuwarsa. Maƙwabcinsa da aka yi wa irin aikin an tsaga shi sosai, ya huta damina guda, kowa na zuwa dubiya. Shi in ya koma gida da wannan, 'ya'yansa za su ce lafiyarsa ƙalau, jibi ya tsinci kansa a fadama ana dashen shinkafa. Ba ta yi dariya a gabansa ba. Ta sa aka kira 'ya'yan nasa biyu, ta gaya musu ɗinkin yana ciki inda ba sa gani, sati shida kada ya taɓa fartanya, ta rubuta a takarda ta buga hatimi don ya riƙa nunawa. Sai da ta shigo ɗakina ta jingina da bango ta yi dariya har da hawaye. Sati na uku labari ya zo cewa an ga Baba Manu a fadama da kansa, babu wanda ya aike shi. Ta aika masa cewa in ya dawo da ciwon, wannan karon zai samu doguwar tsagar da yake so.

Duk son da take wa na'urar, ba ta taɓa sakankancewa da ita ba. Akwai Dakta Nasiru, likitan da ta ɗauka tana koya wa aikin. Wata takwas bai taɓa keken ba. Ta huda masa kwali, ta sa wayar salula a ciki a madadin kyamara, ni kuma nake kawo tumbin saniya daga wurin mahauta, ya yi ta ɗinkewa da dogayen ƙarafa yana ƙulla zare har yatsunsa su ƙage. Ranar da ya yi ƙorafi cewa ga inji a ajiye ana wahalar da shi, ta ce masa, "Inji ba ya jin kunya in ya yi kuskure, Nasiru. Mu ne za mu ji masa. Don haka dole mu fi shi iyawa."

Yanzu na zo inda nake ta kewaye.

Doguwar sandar nan ana cire ta daga mariƙi a wanke, a turara, a sake aiki da ita. Amma masu ƙera ta sun ƙayyade sau ashirin. Dakta ta yi mini bayani cewa a cikinta akwai wasu siraran wayoyi da zafin tururi ke ci a hankali, ko da ido bai ga komai ba. Kowace sanda da lambarta. Ta ba ni rajista ta ce duk lokacin da sanda ta shiga tukunya in rubuta, in ta cika ashirin in karya bakinta da filaya in jefar, don kada wani ya tsinta. Ni ta ba wannan amanar saboda ta ga ba na wasa da rubutu.

Mahaifina maƙeri ne. A gidanmu ba a jefar da ƙarfe: tsohuwar garma ta koma lauje, lauje ya koma wuƙa, wuƙar in ta siririce a yi basilla da ita. Da na fara aikin asibiti kuma, har safar hannu muke wankewa mu shanya, kuma ma'aikacin kirki a wurinmu shi ne wanda kaya ke daɗewa a hannunsa. Akwai almakasai a ɗakina da suka girme ni, suna yanka har gobe. Sanduna uku na farko na karya su kamar yadda aka ce, amma kowace sai da na ji kamar na yi ɓarna. Ta huɗu ta cika ashirin wata Laraba, lokacin girbin gero, shekara biyu da suka wuce. Na ɗaga ta wajen haske tana sheƙi. Na buɗe bakin na rufe, na buɗe na rufe, lafiya lau. Na mayar da ita tire. A rajista na tsaya a goma sha tara, ban ƙara rubuta komai ba. A littafina na aljihu kuwa na ci gaba da lissafi, don hannuna bai iya yi wa wannan littafin ƙarya ba: ashirin, ashirin da ɗaya, da biyu, da uku. Kada wani ya ba ni uzurin rashi. Akwai sababbi biyu a sito a cikin kwalinsu. Ni dai na ga kamar na fi masu ƙera ta sanin ƙarfe.

Wadda abin ya faɗa wa sunanta Hajjo, matar wani makiyayi daga wata ruga kusa da Dalijan. Ƙari ne a mahaifarta yake sa ta zubar da jini. Ita ta zaɓi aikin huda da bakinta, saboda ita ke kai nono kasuwa kuma tana da ƙananan 'ya'ya. Ba na cikin ɗakin tiyatar. Ina ɗakina na ji Sista Rabi ta buga taga tana cewa in miƙo tiren kayan tsaga ciki, maza. Tun kafin wani ya gaya mini na san abin da ya faru. Dakta ta cire ƙarin lafiya, tana cikin ɗinke mahaifar bakin sandar ya kulle a kan nama da allura a ciki, ya ƙi buɗewa, jini kuma na zuba. Ta ajiye komai ta tsaga cikin, ta ɓamɓare bakin, ta ɗinke da hannu. Sai da aka ƙara wa Hajjo jini leda biyu. Ta rayu, amma tsagar ta yi ruwa, ta yi sati uku a gado maimakon kwana uku, ta kuma yi watanni ba ta ɗora ƙwarya a ka ba.

Bayan Azahar Dakta ta shigo ɗakina da sandar a hannu, ta rufe ƙofa.

"Malam Sanusi, sau nawa ta shiga tukunya?"

Na miƙa mata rajista. Ko kallonta ba ta yi ba.

"Ba wannan ba. Na aljihunka."

A tsaye ta karanta shafin. Ta miƙo mini littafin, ta daɗe tana kallona, ni kuma ina kallon ƙasa. Na so ta yi faɗa. Da murya ƙasa ƙasa ta ce, "Da ta mutu fa?" Na mayar da littafin aljihu. Sannan ta ce ita ta bar wa mutum ɗaya aikin da ke buƙatar idon mutum biyu, wannan laifinta ne, abin da na yi kuma nawa ne, Allah ya ga duka biyun. Daga gobe duk lissafin da na rubuta sai Sista Rabi ta sa hannu, duk sandar da ta cika kuma a gabanta za a karya.

Da shugabannin asibiti suka zauna a kan maganar, ina baranda ina jira. Sista Rabi ce ta ba ni labarin abin da aka yi a ciki. Dakta ta gaya musu sandar ta wuce wa'adinta, tsarin lissafin nata ne kuma ta gyara shi. Suka nemi sunan wanda ya yi sakacin. Ta ce in dole sai an rubuta suna, a rubuta nata, ita ta riƙe na'urar. Aka ba ta takardar gargaɗi. A lokacin ni ma'aikacin wucin gadi ne, da ta ambace ni da ban kwana da aikin ba, ga 'ya'ya shida. Ba ta taɓa ce mini in yi shiru ba, ba ta kuma ce in yi magana ba. Ta bar ni da abina. Wata guda ba ta yi mini wata magana da ta wuce ta aiki ba, ran nan da safe sai ta leƙo ta tambaye ni yadda babbar 'yata ta yi da jarrabawa. Na sha tambayar kaina ko daidai ta yi da ta rufa mini asiri. Wani lokaci in ga kamar da ta bari an kore ni da ya fi mata sauƙi, ya kuma fi wa aikin. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba ta ɓoye wa Hajjo komai game da sandar ba. Ta gaya mata da mijinta cewa kayan aikin ya tsufa, bai kamata a yi amfani da shi ba, laifin namu ne. Sau huɗu ta je rugarsu da motarta tana duba ciwon.

Amma labarin da ya shiga kasuwar Dalijan ya kai Gwandu daban ne. Aka ce keken Dakta ya haɗiye allura a cikin mace. Wasu suka ce har yanzu allurar na ciki tana yawo. Wajen wata huɗu duk wanda ya zo sai ya ce shi a tsaga shi kamar yadda aka yi wa kakanninsa. Ba ta yi gardama da kowa ba. Takan zauna ta yi bayanin hanyoyin biyu, ta ce cikinka ne, zaɓi naka ne, ta kuma yi abin da mutum ya zaɓa da kyau. A hankali mutane suka dawo, saboda suna ganin maƙwabtansu na komawa gona da wuri. Duk tsawon wannan lokacin ina jin ana taunar sunanta a tasha da wurin mai shayi, ina wucewa kamar ban ji ba.

Ranar addu'ar uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidansu a Gwandu. Mijinta, Malam Abubakar, malamin makaranta ne, yana zaune kusa da surukansa yana amsa gaisuwa. Wani babba daga asibitinmu, ba zan faɗi sunansa ba, ya yabe ta sosai, ya ce mace ce mai ƙoƙari. Sannan ya sassauta murya, amma ba yadda mutane ba za su ji ba, ya ce yanzu dai sai a rufe ɗakin hudar nan a koma abin da aka sani, irin waɗannan injuna ba na wurinmu ba ne, kowa ya ga abin da ya samu matar Dalijan. Mutum biyu uku suka gyaɗa kai. Malam Abubakar ya sunkuyar da kansa yana murza carbi. Tsakanina da mai maganar bai fi taku uku ba. Na buɗe baki, na rufe. Aka shafa fatiha muka tashi. A motar komawa Kalgo na rubuta a littafina cewa yau na sake cin amanarta, wannan karon a ƙofar gidan ubanta.

Kwana huɗu bayan haka na shiga ofishin shugaban asibiti da tsohon littafin a hannu. Na buɗe masa shafin, na ajiye rajistar a gefensa, na faɗi komai daga farko. Ya karanta sau biyu. Ya tambaye ni ko na san abin da nake jawo wa kaina, na ce na sani. Ya ce Dakta ta riga ta tafi da maganar, me ya sa zan tono. Na ce don ana so a rufe ɗaki da laifin da ba na ɗakin ba. Ya ce in miƙa makullin ɗakina ga Sista Rabi in zauna a gida har kwamiti ya zauna. Yau kwana tara ke nan ina gida. Matata ta yi kuka, ta ce na tuna da mamaciya na manta da masu rai. Ban ga laifinta ba.

Ranar Asabar na hau mashin na tafi rugar su Hajjo. Na same ta a gindin wata bishiya tana wanke ƙore, mijinta Malam Buba na gyara igiyar maruƙa. Sun ji rasuwar, sun ma je Gwandu gaisuwa. Bayan mun yi wa juna ta'aziyya na gaya musu ko ni wane ne da abin da na yi. Na ce na zo neman gafara. Malam Buba ya ajiye igiyar. Hajjo ba ta daina wankin ba, sai da ta gama ƙwaryar da ke hannunta ta kife ta.

"Dakta ta zo nan sau huɗu," in ji ta. "Kai sai da tar rasu."

Na ce haka ne. Ta ce maganar yafiya ba yau ba, sai ta yi tunani, don har yanzu in ta ɗauki ruwa daga rijiya tana jin wurin. Na ce tana da gaskiya. Malam Buba ya tambaye ni ko da gaske ne abin da suka ji, wai za a daina aikin hudar. Na ce ana maganar, kuma da labarin matarsa ake kafa hujja. Nan ne Hajjo ta juyo ta dube ni sosai a karon farko. Ta ce bara ita da kanta ta kai ƙanwarta wurin Dakta, huda aka yi mata da keken nan, kwana uku ta dawo gida tana tatsar shanu.

"Ka tai ka gaya musu matar Dalijan tac ce kar a laɓe bayanta," in ji ta. "Ni anka tsaga, ba su ba."

To, ga shi na faɗa, kuma zan maimaita a gaban kwamiti ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Na'urar ba ta yi laifi ba, ta yi aikin da aka ƙera ta ta yi har da ƙarin uku. Dakta Balkisu ba ta yi laifi ba, hannunta ne ma ya tsayar da jinin. Wanda ya ga ashirin ya mayar da sanda tire, ni ne. In hukunci ake nema, ga ni a Kalgo, an san gidanmu, gidan maƙera. Amma duk wanda ke son rufe ɗakin nan ya fito ya faɗi dalilinsa na gaskiya da bakinsa, ya daina jingina shi ga matar da ke kabari da matar da ke ruga. Dakta Nasiru ya iya aikin, da inji da hannu, na ga tumbin da ya ɗinke kafin a bar shi ya taɓa mutum. Sandunan da ke sito lissafinsu daidai ne, da sa hannun mutum biyu. Mutum biyun da suka kwana da yunwa ranar Litinin ɗin nan har yanzu suna jira, ɗaya daga cikinsu manomi ne kuma damina ta kusa. Ko an mayar da ni aiki ko ba a mayar ba, wanda zai gaje ni zan zauna da shi in nuna masa shafin nan, in kuma riƙe masa filaya ranar da zai karya ta farko.

Malam Abubakar, ka gafarce ni da shirun da na yi a gabanka. Ka gaya wa 'ya'yanku, in sun kai fahimta, cewa takardar gargaɗin da za su iya gani a cikin kayan mahaifiyarsu ba tata ba ce, tawa ce ta karɓa.

Ya Allah, baiwarKa Balkisu ta dawo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanya shi dausayin Aljanna. Ka rufa mata asiri ranar tonon asiri, kamar yadda ta rufa wa wanda bai cancanta ba. Duk wanda ya tashi daga gadonta ya koma gonarsa ko shanunsa, Ka sa ladan ya riƙa isa gare ta. Ka ba mahaifiyarta haƙurin binne 'yar da ta zo gaishe ta, Ka ƙarfafi Malam Abubakar, Ka raya 'ya'yansu uku a kan imani da gaskiyar uwarsu. Ka ba Hajjo cikakkiyar lafiya, Ka sanyaya zuciyarta a kaina in lokacin ya yi. Mu kuma da muka rage, Ka ba mu ikon faɗin gaskiya tun masu ita na raye, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.